Sunansa A Kan Katin Miran

Lambarsa na fitowa a allo Tak Dusik ya miƙe, tun kafin muryar na'urar ta gama kira. Ya zauna gaban yarinyar bankin, ya zaro katin daga aljihun gaban rigarsa, ya ajiye a kan kanta, ya tura mata shi da yatsa biyu yadda ya ga masu kuɗi suna yi.

"So nake ki duba mini makina na biyan bashi," ya ce. "Wata shida ke nan ina aiki da wannan, ba a taɓa makara da biya ba. Ina dubawa a waya, lambar ba ta motsi. Na ce ƙila wayar ce ba ta ɗauka ba."

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, ta nemi katin shaidarsa. Ba za ta wuce ashirin da biyar ba, tana ɗauke da murmushin nan da ake koya musu tun kafin a koya musu lissafi. Ta danna nan, ta danna can. Sai ta juya katin ta dubi bayansa. Dusik ya san wannan juyin. Shekara huɗu yana ganin sa a hannun mutane iri-iri, kuma bai taɓa ƙarewa da labari mai daɗi ba.

"Yallaɓai, wannan katin iyali ne."

"Na sani. Ga sunana nan a jiki."

"E, sunanka ne a jiki. Amma katin bashin na uwargida ne, Ok Miran. Kai an ba ka izinin amfani da shi ne kawai. Duk abin da aka saya, ita ake rubuta wa. In an biya a kan lokaci, makinta ne ke hawa."

"Nawa fa?"

"Naka ba ya taɓuwa, yallaɓai."

"Ko ɗaya?"

Ta ƙara faɗaɗa murmushin, kamar wannan ce amsar.

"Ke, saurara," ya ce, ya matso da kujerarsa. "Albashina ne ke biyan katin nan. Ranar da aka biya mu, ranar nake juye mata shi gaba ɗaya. Da bayana nake ɗaukar kuɗin, kwali-kwali."

"Na fahimta, yallaɓai. To amma daga asusunta yake fita."

Wani tsoho da ke jira a bayansa ya yi gyaran murya. Dusik bai waiwaya ba. Ya dubi yatsun yarinyar, farcen nan a goge, an shafa musu ruwan hoda. Da ganin ta ba ta taɓa ƙin ɗaga waya don tsoron mai kira ba.

Shagon soya kajin da ya buɗe ne ya kai shi nan. A layinsu kaɗai shaguna huɗu ne, duka na mutanen da aka sallama daga aiki, kowa da tukunyar mai da tabbacin cewa tasa kazar ta fi daɗi. Da ciniki ya mutu sai ya fara ciro kuɗi daga wannan kati yana toshe wancan, daga wancan yana toshe na uku, Miran ba ta san komai ba sai ranar da masu bin bashi suka buga ƙofa. Kotu ta shiga, aka yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata, ya yi shekara uku yana biya, hunturun bara aka sallame shi. Ya ɗauka an gama. Ashe kotu ce kawai ta gama da shi. A wurin bankuna makinsa ɗari huɗu ne da 'yan kai cikin dubu, kuma da irin wannan maki ko waya ba a sayar maka wata-wata.

"To me zan yi?" ya ce.

"Ka riƙa amfani da katin asusunka na cire kuɗi, a kai a kai, kamar wata shida zuwa shekara. Ka kuma kawo shaidar kana biyan kuɗin waya da na inshorar lafiya. Wasu sukan samu maki goma, wasu ashirin."

"Goma."

"A hankali ake yi, yallaɓai."

"Ita uwargidan nawa ta samu?"

"Wannan ba zan iya faɗa maka ba. Sirrinta ne."

Dariya ta ƙwace masa, gajeriya, ta hanci. Yarinyar ta miƙo masa katin da wata takarda mai hoton miji da mata da yaro suna ta washe baki a gaban gida. Ta miƙe ta rusuna. Ya ɗauki katin, ya bar mata takardarta.

A waje zafin Agusta ya kama shi a wuya. Ya tsaya a gaban wani ƙaramin kanti, hannunsa a aljihu. Taba yake so. Amma in ya saya, kafin mai kantin ya miƙo masa kwalin, wayar Miran za ta yi ƙara a aljihun rigar aikinta, can a asibitin haƙori inda take karɓar baƙi, saƙo ya shigo da sunan kantin da farashin da lokacin. Haka yake duk wata shidan nan. Nannaɗaɗɗiyar shinkafar da yake ci a tsaye da rana, ruwan sanyi, man zafi na bayansa, kowanne da ƙararsa. Ya jure ne don yana zaton duk ƙara ɗaya tubali ne a ginin sunansa. Akwai ranakun da ya sayi abin da ba ya buƙata don kawai katin ya yi aiki.

Ya ciro waya ya kira Ma Sangpil, abokinsa tun a aikin soja, mai sayar da tsofaffin motoci.

"A'a, Shugaba Tak!" Sangpil ya ce, bakinsa cike da abinci. "An ba ka katin zinariya ne?"

"Kai, ɗan banza. Wa ya gaya maka katin iyali na ɗaga maki?"

"Yana ɗagawa mana. Da idona na gani."

"A ina?"

"A bidiyo. Wani gaye mai farin haƙori, ya ce ka shiga katin matarka, wata uku ka ga abin mamaki."

"Gayen ɗan ina ne?"

Sangpil ya ci gaba da tauna. "Ɗan nan ne. Amma a Amurka yake zaune."

"A Amurka."

"To ai banki banki ne."

"Sangpil, mu a Daejon muke."

"Haba, kar ka ɗora mini. Ni na ce ka gwada ne. Kuma me ka rasa? Ka ci, ka sha, mata ta biya. Ni tawa ko kuɗin aski sai na cika takarda."

"In na gan ka sai na tura maka wayar nan a maƙogwaro."

"Ka zo da kati, mu sha giya tukuna."

Dusik ya kashe. Bai sayi tabar ba. Ya dubi agogo, huɗu saura. Ƙarfe shida za a haɗu a gidan gashin nama da ke kusa da tashar jirgi, surukinsa ya cika shekara saba'in.

Wannan cin abincin shi ne abin da ya rage masa a yau, kuma yarinyar banki ba ta taɓa shi ba. Shi ne mijin babbar 'ya. A da, duk taron gidan su Miran shi ke biya, ba a ma tambaya. Tun da shago ya rushe, Pyo Jinho ke biya, mijin ƙanwar Miran, ma'aikacin ofishin gunduma, mutumin da bai taɓa kuskure ba don bai taɓa gwada komai ba. Shekara huɗu Dusik ya zama irin mutumin da ke daɗewa a bakin ƙofa yana ɗaure igiyar takalmi har sai an gama da wurin biya. Ya yi Lahadi-Lahadi yana lodin kwalaye don wannan rana. Ya roƙi Miran ta ɗaga masa iyakar katin zuwa miliyan ɗaya da rabi, na yau kaɗai, ta ce to ba tare da ta ɗago daga wanke-wanke ba. Makin banki ba wanda ke ganin sa. Amma kati mai sunan Tak Dusik, a hannun Tak Dusik, a gaban mai karɓar kuɗi, wannan tsohon zai ji labarinsa.

Ya tarar sun riga shi. An ba su ɗaki na ciki, tebur mai garwashi biyu. Tsoho Ok, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, yana zaune a can ƙurya cikin sabuwar riga mai kwala da har yanzu alamar ninki ke jikinta. Matarsa na gefensa. Miran ta zo kai tsaye daga aiki, gashinta a ɗaure, ta dube shi ta dubi takalminsa. 'Yarsu Yerim tana makarantar yamma, jarrabawa ta matso.

Dusik ya rusuna sosai. "Baba, barka da wannan rana. A ƙara lafiya da tsawon kwana."

"Ka zo? Zauna, zauna."

"Yaya, sannu da zuwa!" Jinho ya tashi rabi, yana miƙo masa awartakin juya nama da almakashi. "Mun jira ka ne. Ni in na gasa ƙonewa yake. Kai ne gwanin wuta, tsohon hannu."

Matarsa Miju ta kai masa duka a hannu tana dariya. Dusik ya karɓi awartakin. Ya dubi agogon da ke hannun Jinho, ya dubi tumbin da ya fara turo belet, tumbin mutumin da fanshonsa ke jiran sa tun yana ɗan talatin.

Naman shanu ne na gida, mai zanen kitse, irin wanda ake kawowa a kan katako kamar za a yi masa hoto. Dusik ya shimfiɗa, ya juya, ya yanka, ya ajiye mafi laushi a gaban tsohon. Ya zuba masa giya da hannu biyu. Da tsohon ya zuba masa, ya karɓa da hannu biyu, ya kau da kai gefe ya shanye.

"Aikin kwalayen dai yana nan?" tsohon ya ce.

"Yana nan, Baba. Sun ce ƙila su ba ni kula da layi."

"To. Aiki aiki ne." Ya juya wajen Jinho. "Kai fa, maganar ƙarin girman?"

Jinho ya shafa ƙeya, ya fara bayani mai tsawo cikin muryar wanda wai ba ya son a yi maganar. Surukar ta naɗe nama da tafarnuwa a ganyen latas ta miƙa wa Jinho har baki. Sannan ta dubi Dusik.

"Kai kuma ka rame. Mutum ba ya rayuwa da shinkafar kanti kullum rana. Kuma man zafin nan da kake yawan saya, gara ka je a duba bayan."

"To, Mama."

Ya dubi Miran. Tana tsintar ƙashi daga wani kifi, ba ta ɗago ba. Ya ce a ransa, mata da uwayensu, ba abin da ba sa faɗa. Ya juya naman.

"A ƙaro kashi uku!" Jinho ya ɗaga murya wajen ƙofa. "Yau ranar Baba ce, kar wanda ya ji kunya."

Dusik ya yi lissafi a kansa, ya ƙara da kwalaben da ke ƙasan tebur. Har yanzu da sauran sarari. Aka ƙaro kashi biyu bayan nan, ya sake lissafi, gumi na bin gefen kunnensa, ya ce garwashi ne. Aka kawo miyar ganyen teku ta ranar haihuwa, aka kunna kyandir a kan kek, aka yi waƙa, tsohon ya hura yana ƙunƙuni cewa wannan duk ɓata kuɗi ne, fuskarsa kuwa ja don daɗi.

Da mai hidima ta zo tambayar wa ke son taliyar sanyi, Dusik ya ajiye awartaki. Kowa ya san taliya ce ƙarshen zama.

"Bari in kewaya," ya ce.

Ya zura takalmi ba tare da ya taɓa igiyar ba, ya take bayansa, ya wuce ƙofar bayan gida ya nufi kantar biya. Wata mata mai gajeren gashi a murɗe tana zaune tana kallon talabijin.

"Ɗaki na ciki, Inna. Yi sauri."

Tana cikin dannawa ya ji takun silifa a bayansa.

"Yaya! Haba Yaya, me kake yi haka?" Jinho ne, hannu a aljihun baya. "Inna, kar ki karɓa! Nawa za ki karɓa!"

"Koma ka zauna."

"A'a, ba za a yi haka ba, ni na kira taron nan."

Jinho ya turo kafaɗa, Dusik ya tare shi da gwiwar hannu. Shekara biyu yana ɗaga buhunan shinkafa da kwalayen ruwa, ya ji jikin Jinho ya lotsa kamar matashin kai. Suka yi ta turereniya a gaban kantar, kwanon alewa ya kusa faɗuwa.

"Ku shirya tsakaninku," matar ta ce, idonta na kan talabijin. "Ni kati ɗaya zan karɓa."

"Kai, ni ne babba ko kai?" Dusik ya ce.

"Kai ne, Yaya, amma..."

"To ja da baya."

Ya miƙa katin ta saman kafaɗar Jinho. Matar ta karɓa.

"Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da tamanin. Gaba ɗaya ko wata-wata?"

"Gaba ɗaya," ya ce, da ƙarfin da zai kai ɗakin ciki.

Na'urar ta yi shiru na ɗan lokaci. Sai takarda ta fara fitowa. Ya sa hannu da yatsa a kan gilashin, ya ja layi mai tsawo a ƙarshe kamar da. Ya mai da katin aljihu a hankali, ya ɗauki tsinken sakace ɗaya. Sai a lokacin ya lura walat ɗin Jinho ko fitowa daga aljihu bai yi ba.

"Kai, Yaya, ka fi ƙarfina," Jinho ya ce, yana gyara riga. Ya ɗebi alewa uku.

Suka koma. Dusik ya shiga a gaba, ya shirya fuskarsa yadda za ta ce ba komai, ɗan abu ne. Wayar Miran na hannun tsohon. Ta ba shi ne ya kalli bidiyon Yerim tana kaɗa piyano, ya riƙe ta nesa da fuska, tabarau a kan hanci. Saƙon ya sauko a saman bidiyon, tsohon kuma irin mutanen nan ne da duk rubutun da ya zo gabansu sai sun karanta shi a bayyane, ko allon hanya ne.

"Katin iyali," ya karanta a hankali. "Tak Dusik. Won miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu..." Ya cire tabarau, ya dubi 'yarsa. "Miran, wannan ai ya yi yawa. Ke da ke da yarinya a makaranta."

"Ba komai, Baba. Sau ɗaya ake saba'in."

"Mun ci da kyau, Yaya Miran, mun gode!" Miju ta ce, tana tafi da yatsu.

"Mun gode, Yaya," Jinho ya ce, ya rusuna wa Miran.

Surukar ta kama hannun 'yarta ta shafa. "Babbar 'ya dai babbar 'ya ce."

Ba wanda ya yi mamaki. Ba wanda ya dubi wani a sace, ba wanda ya yi ƙoƙarin rufe maganar. Dusik yana tsaye a bakin ƙofa da tsinke a hannu, sai ya gane ba yau suka sani ba. Turereniyar da aka yi a kanta ma, Jinho ya yi ta ne kamar yadda ake barin yaro ya ci wasa.

Tsohon ya ɗago ya gan shi. Mutum ne mai son adalci, ba ya barin kowa ba ko kalma.

"Kai ma, Tak, sannu da tashi," ya ce. "Zauna, taliyarka za ta jiƙe."

Dusik ya zauna. Ya ci taliyar duka, har ruwan. Tana da sanyi, haƙoransa suka yi tsami.

Da aka fito rana ba ta gama faɗuwa ba. Miju ce ta ja motar, tsofaffin a baya, Jinho a gaba yana ɗaga hannu ta taga. Dusik da Miran suka rusuna har motar ta sha kwana. Sannan suka taka zuwa inda ake jiran bas, za su biya su ɗauko Yerim. Miran na riƙe da ledar sauran kek.

"Na je banki yau," ya ce.

"To."

"Sun ce katin nan ba ya ƙara mini komai. Ke yake ƙara wa."

"E."

Ya tsaya. Ita ba ta tsaya ba sai da ta kai inuwar rumfar, ta dubi allon da ke nuna minti nawa ya rage.

"E? Kin sani ke nan?"

"A takardar aka rubuta, Baban Yerim. Ni na karanta, kai ka sa hannu."

"Wata shida kina kallo na ina duba waya kullum safe."

"Ka ce Sangpil ne ya gaya maka. Tun yaushe maganata ta fi ta Sangpil?"

"Su Mama fa? Dole ne sai kin gaya musu?"

"Mama ta ga katin a hannunka ranar da muka je gaishe su, ta kira ni hankali tashe, ta ce wane banki ne ya sake ba ka. Me zan ce mata? Na yi mata ƙarya shekara biyu saboda kai. Ya isa."

Wata ɗaliba da ke zaune a benci ta cire abin sauraron waƙa ɗaya daga kunnenta, ta mayar. Dusik ya rage murya.

"Kuɗina ne na biya yau. Lahadi nawa na yi?"

"Na sani."

"To me ya hana ki faɗa? Kalma ɗaya. Baba, mijina ne."

Miran ta juyo ta dube shi sosai, karo na farko a ranar. Ba fushi a fuskarta. Da fushi ne da ya fi sauƙi.

"Kana so mu yi lissafin kuɗin wa ke nan, na wa ke can? A nan, a titi? Zoben aurena da na sayar ma sai mu sa a ciki, da kuɗin da Baba ya ciro daga fanshonsa." Ta sauya wa ledar hannu. "Ban faɗa ba don ba su tambaya ba."

Ya zaro katin. Shuɗi ne, gefensa ya fara gogewa, sunansa da haruffan azurfa. Ya riƙe shi tsakanin yatsunsa ya ɗan lanƙwasa.

"Karɓi abinki. Daga gobe albashina a asusuna zai zauna. Da katina zan riƙa saye. Yarinyar ta ce in na yi shekara..."

"Maki nawa?"

Ya dubi titi.

"Maki nawa ta ce?"

"Goma. Ashirin."

Miran ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin albasa. "Mai gidan da muke haya zai ƙara miliyan talatin a kuɗin ajiyar da yake riƙe mana watan Maris. Na gaya maka, kana kallon ƙwallo. Rance zan ci, da sunana, tunda naka ba ya shiga ko'ina. Bankin sun ce in kashe-kashen katin ya ci gaba a yadda yake, za su rage mini ruwa. In ka janye naka, abin ya faɗo ƙasa da yadda suke so, ruwan ya hau. In ya hau ba za mu iya ba. Sai mu koma wancan gefen kogi, Yerim ta sauya makaranta ana saura shekara ta gama."

"Wato ni jaki ne. Ina ɗauka, ana rubuta miki."

"Ni ban ce ba."

"Amma haka ne."

"Kuma ina barci yanzu," ta ce, tana kallon titi. "Waya ta yi ƙara, na san kana kantin bakin ma'ajiyar da kake aiki, ka sayi ruwa. Ta sake ƙara, na san kana kemis. Shekara goma sha biyar ina aure da kai ban taɓa sanin inda kake ba sai bana. Da can sai dai in buɗe ƙofa in ga baƙi."

Dusik ya dubi hannunsa. Katin na nan a lanƙwashe tsakanin yatsunsa. Kaɗan ya rage. Ya san ƙarar da zai yi in ya karye, ya taɓa karya uku a gaban lauya. Miran ba ta miƙo hannu ba, ba ta kuma ce kar ya yi ba. Ta dubi allon.

"Zuwa Maris ne," ta ce. "Bayan nan ka yi yadda kake so."

Bas ta taho, ta tsaya da huci, ƙofa ta buɗe. Ɗalibar ta wuce su ta shiga. Miran ta laluba jakarta da hannu ɗaya, ledar kek na lilo a ɗayan, ta yi tsaki.

"Na bar walat a aljihun rigar aiki. Biya mana da katin nan."

Ta hau, ta wuce ciki ba ta waiwayo ba, ta samu kujera kusa da taga ta ɗora ledar a cinya. Dusik yana tsaye ƙafa ɗaya a kan matakala, ɗaya a ƙasa. Direban ya dube shi ta saman baƙin tabarau.

"Shiga za ka yi ko tsayawa?"

Ya hau. Ya miƙar da katin a tafin hannunsa.

"Mutum biyu," ya ce.

Direban ya danna maɓalli. Dusik ya kanga katin a jikin na'urar. Ta yi ƙara, sai muryar macen da ke cikinta ta fito, a sarari, cikin ladabi.

"Na gode."

Ya tsaya yana kallon na'urar.

"Malam, matsa ciki mana," direban ya ce. "Akwai mutane a bayanka."